Rigar Mafarkin Auta

Ai ranar da keken ɗinkin Auta ya ƙi tafiya, ranar aka fara! Ta rungumo kan keken ta kai shagon gyara, sai ga saurayi dogo, hannu duk baƙin mai. Yana ɗagowa ya gan ta, sukurun da ke hannunsa ya faɗi ƙasa.

Yana kwance keken tana mita. "Ko a mafarki ba ya barina. Kullum sai in ga ina ta ɗinki, yadi ba ya ƙarewa. Ƙawata ta ce wai arziki ne."

"Ni dai ban iya fassara ba," in ji mai gyara. "Amma rigar da kike ɗinkawa a mafarkin, ta wace ce?"

Auta ta shiga lissafi a ranta. Ta Umma ce, ta Yaya ce, ta mutane ce. Shekara shida tana kan keke, ko siket ba ta taɓa yanka wa kanta ba!

Washegari saƙo ya shigo: "Ranki ya daɗe, keke ya warke. Mai gyaran ne kuma ya kwanta."

Ta rubuta: "Allah ya ba shi lafiya. Yau na saya wa kaina yadi, shuɗi."

Shi ke nan fa, yana ce mata 'Yar Allura, ita kuma tana ce masa Injiniyana.

Da maganar aure ta taso, Umma ta ce sam. Wai sau uku tana mafarkin yaron ya zo ya ɗauke keken, Auta ta bi bayansa, ɗaki ya zama wayam. "Wannan ba alheri ba ne. Ga mai kantin magani nan, katangarmu ɗaya, shi ma yana so."

Labari ya kai wa mai gyara wai an ba wani. Kwana uku shiru, sannan ya turo: "In haka ya fi miki, na haƙura."

Auta ta mayar masa: "Kai dai Injiniyana, keke kawai ka iya ganewa! Ba ni kwana ɗaya."

Da safe Umma na ninke wanki, Auta ta zauna ta kama mata bakin zanin gado.

"Umma, a mafarkin nan, wani abu ya same ni?"

"A'a. Dariya ma kike yi, ja'ira."

"To wa ke kuka?"

Hannun Umma ya tsaya. Ta kalli kusurwar da keken yake.

"Ni ce," ta ce a hankali. "Tun rasuwar babanku, ƙarar keken nan ce take taya ni zama. Ashe ba yaron nake tsoro ba, shirun ɗakin nake tsoro."

Auta ta rungume ta. "To keken ba inda za shi. Nan zan riƙa zuwa aiki kullum, sai kin gaji da ni."

Umma ta share ido da gefen zanin. "Ce masa ya turo manyansa. Kuma ya zo ya duba min fankar nan."

Wayyo, da kun ga ranar bikin! Amarya cikin shuɗiyar riga, ɗinkin hannunta, rigar farko da ta taɓa yi wa kanta. Ango sai kallo yake, baki ya ƙi rufuwa. Umma ta dafa kansu su biyu tana dariya tana hawaye.

"Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku masu cika muku ɗaki da hayaniya."

Gida ya ɗauka da amin.