Sirrin Ɗakin Sauro

Ranar da ya fara ganinta, hannunsa na kan ragar wani akwatin gilashi, sauraye sun yi masa caa ta ciki. Ɗan jarida ne mai gabatar da shirin kimiyya a rediyo, ya zo jin dalilin da ya sa sauro ke zaɓar wasu mutane ya ƙyale wasu. Ita ce mai binciken, tana ƙirga su tana danne dariya.

"Malam, warin fatarka suke bi. Shekara biyu ina aikin nan, ban ga wanda suke so kamarka ba."

"Alhamdulillahi, ashe ina da masoya."

Daga ranar ta sa masa Zuma, shi kuma yana ce mata Likitata.

Da maganar soyayyarsu ta kai gidansu, Baba, mahaifinta, ya girgiza kai. "Mutumin da sana'arsa baza labari ce, ya zai riƙe sirrin gida?"

"Baba, ni na san shi. Wallahi ba haka yake ba."

Wata rana da yamma ta tura masa hoton littafin aikinta. Ta lura da wani sinadari a gumin mutanen da sauro ke gudu.

"Ko Farfesa, shugabanmu, bai ga wannan ba. Sai na gama rubutawa. Amana ce, Zuma."

"Har abada, Likitata."

Sati uku bayan haka, tana wanke kwalabe a ɗakin bincike, ta ji muryarsa a rediyo yana zayyana sakamakon tiryan-tiryan. Ya ce a ɗakin binciken Farfesa aka gano. Bai ambace ta ba. Ta tsaya ƙiƙam, famfo na zuba, har ruwa ya jiƙe mata takalmi.

Washegari Farfesa ya tara 'yan jarida ya ce aikinsa ne. Da ta yi magana, ya cire ta daga binciken.

Ta rubuta wa Zuma: "Kai kaɗai na nuna wa. A gaban Baba na rantse a kanka. Kada ka sake nemana."

Ya amsa: "An ce za a rufe shirina in ban kawo babban labari ba, sai na ɗauki naki. Na ɓoye sunanki don kada a zarge ki, ban zaci wani zai sa nasa ba. Ba ni da hujja. Na ci amanarki."

Ta ajiye wayar. Baba bai ce mata uffan ba, sai dai ya riƙa kai mata abinci ɗaki da kansa. Shirun nan ya fi faɗa yi mata ciwo.

Wata uku ta yi ba ta kunna rediyo ba. Yayarta ce ta shigo da waya a hannu ta ce, "Saurari wannan."

Zuma ne, a shiri kai tsaye. Ya faɗi wadda ta yi aikin, ya faɗi yadda ya samu labarin, ya kira abin da ya yi sata. A ranar aka kore shi. Ya kai wa kwamitin jami'a hoton littafinta da kwanan watan da ta turo. Bayan dogon zama, aka mayar mata da aikinta.

Sai da ya yi zuwa huɗu kafin ta fito falo.

"Kana ganin ka biya ke nan?"

"A'a. Kayanki na mayar miki kawai."

"Har yanzu in na ji muryarka sai gabana ya faɗi."

"Zan jira, ko shekara nawa ne."

Shekara guda ya jira, yana koyarwa a wata ƙaramar makaranta. Baba ne da kansa ya kira ta.

"Na faɗa miki zai yi, ya kuma yi. Abin da ban zata ba, zai tsaya gaban duniya ya tona kansa. Shawara tana hannunki."

Ta ɗauki waya ta rubuta wa Zuma: "Na yafe, amma ban manta ba. Ka turo manya."

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe hannun angon, bai saki da wuri ba.

"Ga amana ta biyu. Allah Ya ba ka ikon riƙewa, Ya yi muku albarka."

Ango ya kasa ɗago kai. Ya ce, "Amin, Baba."