Tokar Goshina

Kafin in ankara, hannunsa yana kan goshina.

Ina riƙe da tire, kofi biyu na kafe suna tururi, ba damar ja da baya, ba damar ture shi. Abdulrazak ya sa farin hankicinsa ya goge mini goshi, ya ƙara gogewa, yana wannan murmushin nasa da ke sa in manta sukari nawa aka ce in zuba.

"Kullum sai dai in nuna miki da yatsa," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Yau na gaji da nuni, 'yar gawayi."

Shago ya yi tsit...

Matan zumunta huɗu ne zaune kusa da kantar littattafai, kowacce da baƙin tabo a goshi irin nawa. Da bawan Allahn nan ya ɗaga kai ya dubi wani ba ni ba, da ya gane. To amma ina, tun daga bakin ƙofa idonsa a kaina yake.

"Ba gawayi ba ne," na ce. "Tokar coci ce. Yau Larabar Toka."

Ya dubi hankicin, ya dubi matan, ya dawo ya dube ni. Wata daga cikin matan ta tafa hannu ta ce yau ga abin da ya isa, saura suka tattara jakunkunansu.

Bari in koma baya kaɗan, don ku san yadda muka kawo nan.

Sunana Sisiliya, 'yar Baba Jibo mai koyar da katikisma a wata 'yar majami'ar Katolika da ke bayan Sabon Gari, nan Maraɗi. Rufin majami'ar tamu ya gaji, da damina sai an jera bokitai tsakanin bencina ake addu'a. Shi ne Fada, limamin cocin namu, ya fito da dabara. Ya buɗe ɗakin da ke kallon titi, rabi ya cika da littattafai, na lakwal, wato makarantar boko, da na addu'a da na hira, rabi ya sa teburi huɗu na shan kafe, duk abin da aka samu na rufi ne. Wani ɗan Togo cikin ikilisiya ke kawo 'ya'yan kafe ɗanyu, ni nake soya su a kasko bisa gawayi kowace safiya. Shi ya sa ba a raba fuskata da baƙi.

Abdulrazak kuwa mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, a Tsibiri. Littafin nahawun Faransanci ya kawo shi ranar farko. Ya sami littafin, amma ya ci gaba da zuwa neman waɗansu da ni da shi mun san babu su. Wata bakwai ana haka. Ya sha kafe, ya nuna mini kunci ko goshi, in goge, mu yi dariya. Ba zan ɓoye muku ba, ina son shi, irin son da ke sa in tsinto ƙarar babur ɗinsa cikin kabu-kabu ɗari. Bai taɓa kai hannu jikina ba sai ran nan, jajibirin azuminsu, da ya zo shan kafen ban kwana. Da ya tashi taɓawa kuma sai ya taɓa inda ba a taɓawa.

Tokar nan ta ganyen dabinon da muka ɗaga a coci bara ce. Ƙona shi ake yi, Fada ya shafa wa kowa a goshi ranar da azuminmu na kwana arba'in ke kamawa. A gidanmu ba a goge ta, sai ta gaji ta tafi da kanta.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Ashe Leyon, shugaban mawaƙanmu, yana bayan kanta yana jera littattafan waƙa. Sau biyu ya ce yana so na, sau biyu na ce ya yi haƙuri, ashe haƙurin ajiye shi ya yi. Ya ɗauke mu hoto. Kafin la'asar hoton ya shiga wayar kowa a ikilisiya, da rubutu a ƙasa wai ga yadda ake goge mana 'ya'ya.

Baba bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya zaunar da ni, ya tambaye ni ko ina son yaron. Na ce ina son shi.

"Yau toka ya goge, Sisiliya. Gobe me zai goge?"

Na san abin da ke gabana: ko in riƙe addinina in rasa Abdulrazak, ko in sami Abdulrazak in wayi gari ba ni ba ce. Ni kuma duka biyun nake so, ku kira shi kwaɗayi in kun ga dama.

Washegari Baba ya karɓe wayata, ya sa ni a mota zuwa Jiratawa wurin Gwaggo. Sati biyu ina tsinkar zogale a lambu ina kuka. Gwaggo ta ce da ta san haka nake da ruwa a ido, da ba ta wahala da ban-ruwa ba bana.

Ranar Asabar ta uku ina duƙe cikin zogale na ji ana kirana. Fada ne da kansa, ya ɗaure farar rigarsa a ƙugu yana tsallake kwalbati. Ya ce in wanke hannu in zo in ji labari. Tun da na tafi Leyon ya karɓi kasko, ya ƙona kafe har masu shan suka gudu, aka koma sayar da littafi kaɗai. Wannan ya ba ni dariya, amma ba shi ya kawo Fada ba. Wai Abdulrazak ya je wurinsa da bakin azumi, ya zauna ya roƙi a bayyana masa ma'anar tokar tun daga tushe. Da ya ji, bai zarce ko'ina ba sai gidanmu. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban Baba, ya fito da hankicin nan a ninke, ko wanke shi bai yi ba.

Fada ya maimaita mini maganar kamar yadda ta fito:

"Baba, na ɗauki abin da ba nawa ba cikin rashin sani, ga shi na dawo da shi. In za ka ba ni Sisiliya, da tokarta nake son ta."

Na zauna daɓas a kan kunyar zogale!

Fada ya ce Baba ya daɗe yana juya hankicin, daga bisani ya sa shi cikin Littafi Mai Tsarki ya rufe. Bai ce ya bayar ba, amma ya ce a je a ɗauko yarinyar nan kafin Leyon ya ƙona shagon ɗungurungum. Ni ko takalmi na manta a lambu, sai Gwaggo ce ta biyo ni da shi tana mita.

Da na koma, na tarar Fada ya sauya tsari saboda azumi. Da rana littattafai kawai, da magariba a fito da dabino da kunu da ruwan sanyi, a shimfiɗa tabarma a gefe don masu salla. Abdulrazak ya zo ran da na dawo, ya tsaya nesa, hannuwansa biyu a baya. Ya ce ya yi wa hannun nan horo, ba ya ƙara fita sai da izini. Na ce Allah ya shirya shi. Muka yi dariya har na ji hawaye.

Sai dai da sauran rina a kaba. Mahaifiyarsa, Hajiya Tasalla, ta ce ba a gidanta ba. Ya kawo mata malamai sun ce auren ya halatta, ta ce ita ba ta ce haramun ba ne, cewa ta yi ba ta so. 'Yar mishon, haka take kirana.

Wata Juma'a dab da shan ruwa wata dattijuwa ta sauka daga adaidaita, ta zauna a teburin ƙarshe. Goshin Abdulrazak ne sak, da hancinsa, ba sai an gaya mini mahaifiyarsa ce ba. Ana kiran salla na kai mata dabino da ruwa, na juya mata tabarma gabas, na riƙe mata buta. Da ta idar ta ga ina cin wake da mai, ta tambayi dalilin da ban taɓa naman da ke tire ba. Na ce mu ma azumi muke, ba ma cin nama ranar Juma'a. Ta dube ni ido cikin ido.

"In na ce sai kin musulunta zan yarda fa?"

Zuciyata kamar ta faɗo cikin kwanon wake. Na san kalma ɗaya za ta ba ni shi.

"Hajiya, ki gafarce ni. In na bar addinina yau saboda ɗanki, da wane ido za ki yarda ba zan bar ɗanki gobe saboda wani abu ba?"

Ta gyara mayafi ta fita. Na shige bayan kanta na yi kuka mai isata, na ce shi ke nan, Sisiliya, bakinki ya yanka miki wuya.

Bayan Salla da kwana tara sai ga kawunnansa a ƙofar gidanmu da goro!

Kada in cika ku da surutu. An nemo izinin Bishop, Abdulrazak ya yi alkawari gaban Fada da Baba cewa ba zai hana ni coci ba. Bayan girbi aka ɗaura aure a Tsibiri, aka sa mana albarka a majami'a, rabin rufi sabo yana ƙyalli, rabi tsoho. Leyon ne ya ja waƙa, da fuska kamar an aiko masa da mutuwa. Hajiya ta yi duk abin da uwar ango ke yi, amma ba ta sake mini fuska ba. In na gaishe ta ta amsa, in na kai abinci ta ce an gode. Amarya take ce mini, ko ta ce ke. Kullum ina tambayar kaina ko yarda ta yi, ko jira take in gaji.

Haka shekara ta zagayo, azumin ya sake haɗuwa. Ranar Larabar Toka Abdulrazak ya kai ni Maraɗi da sassafe, ya jira ni a shago yana karatu har muka fito. A hanyar komawa na yi ta jan ɗankwali ina sakewa. A ƙofar gida ya juyo ya ce, "Sisina, bar shi yadda yake." Na bar goshin a buɗe, na shiga da sallama.

Tsakar gida cike da mata ana surfen geron kunu. Inna Fasuma, ƙanwar mahaifinsa, ita ta fara hango ni. Ta ce wace irin amarya ce ke yawo da baƙin tukunya a fuska, ta tsoma bakin zanenta a ruwa ta nufo ni. Na ƙame. Abdulrazak ya yunƙuro daga zaure, amma an riga shi.

Hajiya ce ta riƙe mata hannu.

"Bar mata abinta, Fasuma. Tokar coci ce, azuminsu ya kama yau."

Ta saki hannun, ta miƙo mini rariya ba tare da ta dube ni ba.

"Da magariba ki kawo kwanonki ɗakina, 'yata. Tare za mu sha ruwa."

'Yata...

Na karɓi rariyar. Daga bakin zaure Abdulrazak ya nuna mini kuncina da yatsa, wai hawaye, sannan ya mai da hannunsa baya. Na goge hawayen da gefen ɗankwali, na bar tokar, na zauna kusa da Hajiya na fara tankaɗe.