Me Ya Sa Za Ka Bar Mu?

Ranar da ta fara shiga masana'antar takalman, tana ta ɗaga kai tana kallon injuna har ta yi tuntuɓe da kwalin fatu. Wani dogon saurayi ne ya riga ta tsince jakarta.

"Sannu, Malama. A nan ƙasa ake kallo. Mu masu takalma ne."

Ta yi dariya, kuma tun daga nan zuciyarta ta fara yi mata rashin kunya.

Jami'a ce ta turo ta ta yi bincike a kan abin da ke sa ƙwararrun ma'aikata ajiye aiki. Kowa ta tare sai ta ce "me ya sa?", har ma'aikata suka raɗa mata Malama Me-ya-sa. Shi kuwa saurayin nan, Dogo, shugaban sashen ɗinki, in za ta tambaye shi sau goma zai amsa sau goma sha ɗaya.

Ba a jima ba saƙonsa ya shigo wayarta:

"Malama Me-ya-sa, yau ni ke da tambaya. Me ya sa in kika wuce nake ɗinka takalmin hagu biyu?"

Ta rungume wayar tana tsalle a ɗaki kamar ƙaramar yarinya. Amma malaminta ya riga ya ja mata kunne: babu wata alaƙa da wanda kike bincike a kansa har sai kin gama, in ba haka ba aikin ya rushe. Abbanta ma da ya ji ƙishin-ƙishin ya ce, "Ba na son jin zancen kowa sai kin kawo min digirin nan."

Sai ta rubuta masa: "Na gode da haɗin kan da kake ba binciken."

Allah Sarki, Dogo! Ya sake turowa, ta sake gode masa da haɗin kai. Ga akawun kamfanin kuma yana bi ofis-ofis yana cewa shi ta fi daɗewa tana yi wa tambayoyi, mai hankali ya gane. Dogo ya daina zolaya, gaisuwarsa ta koma ɗaga hannu daga nesa. Abin yana cin ta, amma ta ce ai saura ƙiris.

Cikin aikinta akwai zama da duk wanda zai bar kamfanin, ta ji dalilinsa. Ran nan tana ƙaramin ofishin da aka ba ta aka ƙwanƙwasa. Dogo ne, ba rigar aiki a jikinsa. Wani kamfani a gari mai nisa ya ɗauke shi.

Ta daure ta yi tambayar da ta saba.

"Me ya sa za ka bar mu? Albashi ne?"

"A'a."

"Manaja ne?"

"Manaja ba ruwansa."

"To me ya sa?"

"Ke da kika yi hira da kowa, me suka ce miki?"

"Yawancinsu ba don wahala suke tafiya ba," ta ce. "Mutum yakan yi iya ƙoƙarinsa, wanda yake jiran ya ce masa wani abu ya yi shiru, sai ya ɗauka ba a..."

Ta tsaya. Babi guda ta rubuta a kan wannan, ga shi ita ce ogar da ta yi shirun!

"Ƙarasa mana, Malama."

"Dogo, an hana ni ne! Dokar bincike ce. Sai na miƙa aikin."

"Ai da kin ce min in jira. Ko manajan da kike zargi yakan ce a dawo gobe."

"To ka jira. Don Allah ka jira ni."

Ya yi wani murmushi da ya cika ofishin. "Maimaita, ƙarar inji ta hana ni ji."

Dogo ya fasa tafiya. A ranar ta kira malaminta ta gaya masa gaskiya. Ya yi faɗansa, sannan ya ce ta cire duk hirar Dogo daga aikin ta nemi wani sashe. Wata biyu abin ya ƙara mata, ba ta ji haushi ba.

Tana fitowa daga kare bincikenta a gaban malamai, tun a kan matakala ta danna masa saƙo:

"Dogona, bincike ya ƙare. Sakamako: ina son ka. Kar ka tambaye ni me ya sa."

Amsa ta zo nan take: "Ɗago kanki, sahibata. Yau an yarda a kalli sama."

Ga shi a bakin ƙofa, riƙe da kwalin takalmin da ya ɗinka mata da hannunsa, dama da hagu daidai.

Da ta kai gida, Abba ya juya takardar digirin, ya juya takalmin, ya duba ɗinkin sosai. "Wanda ya iya wannan haƙurin zai iya da tambayoyinki. Ya turo manyansa."

Ranar ɗaurin auren sashen ɗinki kaf suka zo, har akawu. Umma ta riƙe hannuwansu tana hawaye.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya. Ke kuma, in abu yana ranki, ki buɗe baki ki faɗa."

"Amin, Umma," in ji Dogo. "A ƙara maimaita mata na ƙarshen."