Hasken da Bai Zafafa Dutsen Guga Ba

Kwana uku babu wuta, ga kayan mutane jibge a ɗakin mai guga. Don haka da haske ya tashe ta cikin dare, zumbur ta miƙe ta jona dutsen guga. Dutsen ya ƙi zafi. Ta ɗaga kai, ashe ƙwan ɗakin a mace yake.

Ta leƙa tsakar gida. Wani farin haske ne tsaye cak a sama, kuma ba wata ba ne. Mijinta na ƙarƙashinsa, kai a ɗage, babu inuwa.

Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baban yara, shigo mana," ta ce a hankali.

Bakinsa bai motsa ba. Daga can cikin hasken muryarsa ta sauko: "Tun ɗazu nake ƙoƙari."