Wanda Ya Kunna Na'urar Dutsen Kerrigan

Ƙarfe goma saura na safiyar Asabar aka bugo wa Sufeto Darcy Mullane waya cewa mutum ya faɗo daga turken eriya a Dutsen Kerrigan. Kafin ya gama ratsa jar hanyar nan mai cin tayar mota, rana ta take, gawa kuma an rufa mata bargo.

Mamacin shi ne Graeme Tolhurst, injiniyan ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta yankin. Darcy ya san shi, kamar yadda ya san duk wanda suka taɓa fita kashe gobarar daji tare. A nan yammacin Queensland, da ka bar gari wayar hannu ta kurmance. Na'urori biyar da ƙungiyar ta kafa a kan duwatsu su ke ɗaukar muryar makiyayi su cilla ta gaba. Wata shida Graeme yana sabunta su, ta Kerrigan ce ta ƙarshe.

Darcy ya ɗaga bargon. A tafin hannun dama akwai ƙuna fara, miƙaƙƙiya. Likita ya ce irin wannan sai wanda ya kama eriya tana cikin aiki, kuma zafin ya isa ya sa mutum ya saki abin da ya riƙe.

A gindin turken Noelene Birch ke zaune. Ita ce mai tsaron ƙasa, wato wadda ke tsayawa a ƙasa tana lura yayin da wani ya hau turke. Dokar ƙungiya ba ta da kwana: ba a hawa sai an kashe na'ura, kuma alhakin kashewar yana wuyan mai tsaron ƙasa.

"Kin kashe ta?"

"Takwas da rabi na kashe, Yallaɓai. Shi da kansa ya leƙo ya gani."

Darcy ya shiga ɗakin na'urar. Koriyar fitila tana ci, alamar na'urar a kunne take. Ya kira ta ya nuna mata. Ta ƙura wa fitilar ido.

Kafin Litinin gari ya gama yanke mata hukunci. A shagon burodi mutane suka riƙa ba ta hanya kamar mai ɗauke da cuta, matar Graeme kuma ta mayar mata da abincin da ta aika gidan makoki. Manyansa a wurin aiki suka ce wa Darcy ya shigar da tuhumar sakaci a kanta kafin Laraba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne Noelene ta fara cewa ƙila dai ta manta. Ya sha ganin mai laifi yana musu. Marar laifi ya fara yarda da laifi, wannan ya fi tayar masa da hankali.

A cikin takardun Graeme ya tsinci abu na gaba. Sabuwar na'urar ba sai an taɓa ta ba; daga ko'ina ana iya kunna ta, in aka danna wasu lambobin sirri a rediyo. Mutum uku suka san lambobin: Graeme, Noelene, da shugaban ƙungiya, Clarrie Dunstan.

Clarrie dattijo ne da ya haura saba'in. Shekara talatin shi ke kiran suna kowace safiya ƙarfe tara, makiyayan nesa suna amsawa ɗaya bayan ɗaya don a san kowa ya kwana lafiya. Ya zuba wa Darcy shayi, ya ce ranar Asabar babu kira tunda an sanar za a yi aiki, shi yana lambu wajen tumatirinsa.

"Noelene yarinyar kirki ce," in ji shi, idonsa a kan kofi. "Amma ɗan Adam, ka san shi da mantuwa."

Darcy ya sha shayin. Ba wanda ya tambayi Clarrie ra'ayinsa a kanta.

Ranar Talata ya bi gonakin da ke jerin kiran suna, yana tambayar ko wani ya ji motsi a rediyo ranar Asabar. Duk suka ce sun kashe nasu. Gona ta shida ta Merv Oakes ce, tsohon mai tumaki da ke zaune shi kaɗai. Maƙwabciyarsa ta ce ai yana asibitin gari.

Can Darcy ya same shi, ƙafa a ɗaure. Merv bai san komai kan binciken ba, kuma bakinsa ba ya gajiya. Ya ce ranar Alhamis ya faɗi a kicin ƙugu ya karye, kwana biyu yana ƙasa, karnuka na kuka a waje.

"Da ba don Clarrie ba da yanzu ƙudaje ne ke yi mini ta'aziyya. Asabar ƙarfe tara daidai na ji rediyo ya farka, yana ta kiran sunana. Na ja ciki na fizgo igiyar makirufon na amsa. Shi ya turo mini 'yan agaji. In ka gan shi ka ce tsohon banza yana gaishe shi."

Darcy ya rubuta, ya sa Merv ya sa hannu. Tunda ya shiga aikin nan bai taɓa karɓar shaida da nauyin zuciya irin wannan ba.

Ya tarar da Clarrie a ɗakin rediyonsa. Ya ajiye takardar a gabansa.

"Merv yana gaishe ka."

Dattijon ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau.

"Kwana biyu bai amsa ba, ɗana. Na ce in kunna na'urar minti ɗaya kawai. Na san su Graeme suna kan dutse, amma na ce wa raina ba su kai ga hawa ba."

"Ka kira Noelene ka tambaya?"

"Da na tambaya, da ta hana ni."

"In ce ka manta ba ka kashe ba?"

"Ina ta neman 'yan agaji, ban ko tuna ba."

"Wannan duk zan iya kai wa alƙali da bakina," in ji Darcy. "Kwana uku da ka bari tana ɗauke da alhakin gawar nan, shi ne ban san yadda zan faɗa ba."

Clarrie ya fashe da kuka. Ya ce kullum yana niyyar zuwa ofis, kullum tsoro yana mayar da shi. Darcy bai sa masa ankwa ba. Ya jira ya kashe rediyon, ya ɗauki hularsa, sannan ya riƙe masa hannu zuwa mota.

Bayan ya miƙa shi a ofis, ya wuce gidan Noelene. Tana ganinsa ta ɗauko jakar da ta riga ta haɗa, ta ce a shirye take.

"Ajiye jakar," in ji shi. "Takwas da rabi kika kashe na'urar, kamar yadda kika faɗa. Wani ne ya kunna daga nesa."

Ta dafa ƙofa.

"Ban manta ba ke nan?"

"Ba ki manta ba."

Ta zauna a kan dakali a hankali, jakar a cinyarta. Sai ta roƙe shi ya raka ta gidan Graeme, ya maimaita wannan maganar a gaban matarsa.