Dangwale na Ashirin

Ranar Talata da hantsi, cikin kakar 1957, wani ɗan doka ya iso Bebeji a kan keke yana haki. Sufeto Inuwa na 'yan sandan Kano yana garin tun jiya kan wata satar shanu. Ɗan dokan ya ƙame ya sara masa.

"Ranka ya daɗe, makiyaya sun tsinci gawa a hanyar Kiru."

"An gane shi?"

"Malam Sale ne, mai shirya majigi."

Gawar tana kwance a gindin wata ɗorawa, keken mamacin a jingine kamar ya tsaya hutawa ne. An buge shi a ƙeya da dutse, ga dutsen nan a gefe. Sufeto ya laluba aljihun mamacin ya tarar da kuɗinsa ba a taɓa ba. Ɓarawo ba ya barin keke.

Jakar fatarsa ce kaɗai aka buɗe. A ciki akwai takardar koke zuwa ga wani kamfani na Kano mai sayar da sikeli, ƙarƙashinta sunaye, kowanne da dangwalen yatsa. Sufeto ya ƙirga goma sha tara. Layin ƙarshe an yage shi, da sunan da dangwalen.

Bayan an kai Malam Sale makwancinsa, Sufeto ya je gidansa. Matarsa Saudatu ta tsaya bayan asabarin zaure, shi kuma ya zauna a kan tabarma.

"Allah Ya jiƙansa, baiwar Allah. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abucinsa, ranka ya daɗe."

"Wannan takardar ta mece ce?"

"Ita ce ta hana shi zama shekara biyu. Fim uku ya yi wa kamfanin nan. Shi ya tsara labari, shi ya tara mutane ya koya musu abin da za su yi, su kuwa na'ura kawai suka kawo. Sau ɗaya suka sallame su. Tun daga nan motarsu take yawo da fim ɗin kasuwa-kasuwa, suna sayar da kayansu. Shi ne ya ce duk inda aka haska, a ba wa waɗanda suka yi shi kasonsu. Har Zariya ya je ya haɗa kai da masu irin sana'arsa."

"Mutum nawa ya kamata su dangwala?"

"Ashirin. Goma sha tara sun yi tun bara. Saura Kyauta mai awo na Kiru, shi ya ƙi."

"Jiya wurinsa ya je?"

"Ban sani ba. Ya ce dai akawun kamfani, Balarabe, yana Kiru da motar majigi. Shi ne ya taɓa ce masa wanda ya ja da kamfani zai ga ba daidai ba."

Sufeto ya sami motar majigin a ƙofar gidan baƙi na Kiru. Balarabe yana zaune a kujerar gaba da farar riga da agogon hannu, yana cin gyaɗa.

"Ina kake jiya da la'asar?"

"Tudun Wada, Yallaɓai. Na je duba filin da za mu haska."

"Da wace mota?"

"Da wannan."

Sufeto ya zagaya motar. Kaji sun yi birgima a ƙarƙashinta, kashinsu har kan taya, ga ganyen darbejiya ya taru a kan gilashi.

"Motar nan ta kwana biyu ba ta motsa ba. Mu sake daga farko."

Balarabe ya ajiye gyaɗar. "To, ina nan. Malam Sale ya zo da azahar ya nuna mini takardarsa, ya ce ta cika ashirin. Na ce ya bar wahalar da kansa, kamfani zai ba shi aiki a Kano shi kaɗai. Ya ƙi. Iyakarta ke nan."

"Ka yi masa barazana a baya."

"Magana ce ta fatar baki. Yallaɓai, me zai sa in kashe shi? Irin takardar nan uku ya aika, suna can cikin durowa. Babu dokar da ta ce a biya mutum don an ga fuskarsa a bango."

"Bayan shi wa ka yi magana da shi?"

"Babu kowa."

Ya amsa da sauri, bai kalli Sufeto ba.

"Ina son in ga fim ɗin," in ji Sufeto.

"Yanzu? Da rana?"

"Yanzu."

Aka rufe tagogin ɗakin ajiyar gyaɗa da buhuna, aka tayar da injin wuta. Fim ɗin gajere ne. Manomi ya kawo hatsinsa kasuwa, wani ma'auni mai siririn gemu ya auna masa da mudu mai gindi biyu, yana murmushin mugunta. Aka kama shi, aka zagaya da shi kasuwa da mudun a ka. Daga ƙarshe aka nuna sikelin kamfani, wanda ba ya cutar kowa.

"Wane ne ma'aunin?" Sufeto ya tambayi mai haska fim ɗin.

"Kyauta ke nan, ranka ya daɗe. Ya iya sosai. A Doguwa sai da muka ɗinke ƙyallen da muke haskawa a kai, saboda jifansa da aka yi ta yi."

A rumfunan ma'auna kowa yana da masu ciniki, ban da mutum ɗaya a can ƙarshe. Yana zaune gaban tabarma, da 'yar dawa da ba ta kai rabin buhu ba. Sufeto ya gane gemun.

"Salamu alaikum. Malam Kyauta?"

"Wa alaikumus salam. Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ka ji rasuwar Malam Sale?"

"Na ji. Allah Ya gafarta masa."

"Yaushe rabonka da shi?"

"An fi wata."

"Ka dangwala a takardarsa?"

"Ban taɓa ba. Kowa ya san na ƙi."

"Miƙo hannunka."

Kyauta ya miƙa na hagu. Sufeto ya jira. Da ya miƙa na dama, babban yatsan ya yi ja saboda gugar da ya sha, amma shuɗiyar tawada tana nan a gefen farce.

"Shuni ne. Na taya maƙwabcina rini."

"Rini da yatsa ɗaya?"

Kyauta ya janye hannunsa.

Wani dattijo mai sayar da gishiri a rumfar kusa ya sa baki. "Ranka ya daɗe, jiya da hantsi Malam Sale ya zauna a nan wurinsa. Bayan azahar kuma na ga akawun nan mai agogo ya tsaya a kansa yana dariya."

Sufeto ya sa aka kawo Balarabe ofishin 'yan doka, aka zaunar da shi a gaban Kyauta.

"Ka ce ba ka yi magana da kowa ba."

"Wasa kawai na yi masa, Yallaɓai."

"Maimaita wasan."

Balarabe ya gyara zama. "Na ce masa na ga ya dangwala, ashe yana jin daɗin suna. Na ce takardar roƙo take a ci gaba da haska fim ɗin har shekara goma, a kai shi Katsina da Sakkwato da Bauci, a riƙa ba su kaso. Gaskiya na faɗa. Karanta ka gani."

Sufeto ya riga ya karanta. Haka aka rubuta.

"Fita ka jira a waje."

Da suka rage su biyu, Kyauta ya cire hularsa, ya zaro 'yar yagaggiyar takarda daga cikin naɗinta ya ajiye a kan tebur. Sufeto ya haɗa ta da takardar koken. Ta zauna daidai.

"Shekara ashirin da shida ina awo a kasuwar nan," in ji Kyauta. "Ubana ma'auni ne. Mata sukan aiko da hatsi daga cikin gida, ba sa ko tambayar nawa na auna. Malam Sale ya ce wasa ne, kwana uku, kowa zai san wasa ne. Ranar da aka fara haskawa har ni na yi dariya."

"Daga nan fa?"

"Mutanen Kiru sun san ni, amma na ƙauye ba su sani ba. Suka ce ai ga shi an gani da ido. Suka daina kawo mini kaya. Sannu a hankali na gida ma suka fara ƙwanƙwasa gindin muduna kafin in auna. Ɗana ya bar garin ya koma Jos, ya ce ba zai iya amsa sunan ɗan mai gindi biyu ba. A masallaci ina jin yadda ake matsawa."

"Me ya sa ka dangwala jiya?"

"Ya ce ya sauya takardar. Ya ce yanzu roƙo ake a daina haska nawa fim ɗin. Ni ban iya boko ba. Na dangwala, har na yi masa addu'a."

Ya murza hular.

"Da akawu ya gaya mini, sai na yanke ta gona na tare shi a gindin ɗorawa. Na ce ya ba ni yatsana. Ya ce in yi haƙuri, in babu ni takardar ba ta cika ba, mutum goma sha tara suna jira. Ya ce in kaso ya fara zuwa zan gode masa. Na ce wane kaso ne zai sa a daina ƙwanƙwasa muduna? Ya juya zai ɗauki kekensa. Ban san lokacin da na ɗauki dutsen ba."

"Ka san ya mutu kafin ka tafi?"

"Na kira shi sau uku. Shi kaɗai ne a ƙasar nan yake sayen dawa a wurina, ranka ya daɗe."

Sufeto ya rubuta, ya karanta masa. Da aka miƙo tawada don ya dangwala, Kyauta ya daɗe yana kallonta.

"Abin da na faɗa ne a ciki?"

"Shi ne. Ban ƙara ba, ban rage ba."

Ya dangwala. Aka sa masa ankwa. Hanyar mota ta cikin kasuwa ta bi, mutane suka dare gefe biyu. Wata mai fura ta ce da ta kusa da ita, "Dama mun gan shi a majigi."

Washegari Sufeto ya koma zauren Saudatu ya gaya mata yadda aka yi. Sai ta tambaye shi.

"Takardar fa? Mutanen Zariya sun ce in ta cika su za su kai."

"Ta zama shaida. Tana hannun kotu sai an gama shari'a."

"Yaushe ke nan?"

"Wataƙila baɗi."

"In an gama za a karɓe ta?"

Sufeto bai iya yi mata ƙarya ba. "An yage ta, kuma an sami dangwale ɗaya ta hanyar yaudara. Lauyan kamfani ba zai sha wahala ba."

Ya fito ya tarar da Balarabe a jikin motarsa yana jira. Sufeto ya ce zai riƙe gwangwanin fim ɗin, shi ma shaida ne.

"Riƙe shi, Yallaɓai, muna da guda huɗu a Kano. An riga an aiko daga Doguwa da Tudun Wada, kowa yana son ya ga fuskar wanda ya yi kisan. Asabar za mu fara."