Jan Ɗigo a Kujerar Baya

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta, amma fa ba ta dariya ba ce.

Da safe wani kamfanin walda ya kai ƙara: an sace na'urar da suke haska bututu da ita. A cikinta akwai ɗan ƙarfe da bai kai kan yatsa ba, a rufe cikin tukunyar dalma. In ya fito, yana fitar da wani haske da ake kira gama, wanda ido ba ya gani amma yana cinye jinin mutum.

Sufeton 'yan sanda ya tsare mai kula da siton kamfanin da tambayoyi.

"Makulli nawa ne?"

"Ɗaya, yallaɓai. Ɓarayi ne suka ɓalle taga."

"Me ya sami yatsunka?"

"Ruwan zafi."

Sufeto dai ya kalli bandejin. A bayan sito ya tsinci tukunyar dalmar, wayam. Ke nan abin yana yawo tsirara cikin jama'a.

Aka turo wata injiniya da kyamararta mai ganin wannan haske, ta kafa a kan gadar babban titi. Duk motar da ta wuce da abin, jan ɗigo zai fito a hotonta, daidai inda yake ɓoye.

Ranar farko suka tare tasi. Ashe wata dattijuwa ce da aka yi wa allurar ɗaukar hoto a asibiti, mai fitar da irin wannan haske.

"Ɗan nan, ni ce ɓarauniyar?" in ji ta. "To kama ni, dama ƙafata ta gaji."

Washegari, bakwai da kwata na safe, injiniya ta taɓa hannun Sufeto.

"Ga shi. Ƙaramar farar mota, ƙarƙashin kujerar baya."

Ya matso da fuska. Saman ɗigon, kawuna biyu ne ƙanana, da jakunkunan makaranta. Ya yi wa 'yan sandan gaba waya, suka tare motar.

Mace ce ke tuƙi. Aka fitar da yaran da sauri, aka killace motar.

"Hajiya, motar wa?"

"Ta maigidana. Tawa ce ta lalace shekaranjiya, shi kuma yana bin motar kamfani, sai na riƙa ɗaukar makullinsa."

"Ya sani?"

"Ina ya zauna balle in faɗa masa?"

"Aikin me yake?"

"Kula da sito."

Sufeto ya koma kamfanin, ya ajiye hoton a gaban mai sito.

"Wani ya ce zai saya," in ji mai sito a hankali. "Tukunyar ta yi nauyi, na zaro shi. Na san gubarsa, shi ya sa ban shiga gida da shi ba. Na bar shi a mota, nesa da yara."

"Duba hoton da kyau."

Ya duba. Ya gane jakar autarsa. Sai ga babban mutum zaune a ƙasa, ya kasa ko kuka.

Wani saje ya sa masa ankwa ya fita da shi. Yatsu ukun da abin ya ƙona aka yanke masa kafin ya tafi gidan yari. Babban yaron ya warke. Autar, da ke zama daidai saman abin, har yau duk wata sai an duba jininta, uwar ce ke kai ta. Injiniya ta kwashe kyamararta, Sufeto kuma ya rufe fayil.